Ɗiyar ƙanena mai koyon rawar bale ba ta iya tsayuwa da ƙafa ɗaya, me za mu yi mata?

Tambaya: Assalamu alaikum, likita. Ɗiyar ƙanena ce ta zo mana dogon hutu nan Katsina daga Legas, shekararta 11. Shekara biyu ke nan tana koyon rawar nan ta Turawa da ake kira bale, ranar Asabar kawai suke yi. Kullum tana gaban madubin falo tana ɗage ƙafa, amma da ta saki kujera sai tangal-tangal, in ta yi juyi biyu kuma jiri ya kwashe ta. Sau biyu tana gurɗewa a ƙafar dama cikin shekarar nan. Yanzu ta tasa ni gaba sai na saya mata takalmin tsayuwa a kan yatsu. Wane irin horo ake ba masu wannan rawa har suke tsayawa kamar an dasa su? Akwai abin da za mu iya yi mata a gida, tunda saura mako shida ta koma? In sayi takalmin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya raya mana ita, ya saka miki da wannan kula. Zan fara da tambayarki ta ƙarshe don kada kuɗinki su fita kafin ki kai ƙarshen bayanin: kada ki sayi takalmin. Dalilin na nan tafe. Mako shida kuwa ya isa a ga canji, kuma kayan aikin duk suna cikin gidanki.

Kafin ki sa yarinyar komai, ke fara gwadawa. Cire takalmi, ki tsaya kusa da bango, ki ɗage ƙafa ɗaya, ki sunkuya ki kalli wadda ke ƙasa. Za ki ga jijiyoyin saman ƙafar suna motsi ɗai-ɗai a ƙarƙashin fata, yatsu suna damƙar ƙasa suna saki, idon sawu yana ɗan karkata nan da can. Ke a ranki a tsaye kike cak, ita kuwa ƙafar aiki take babu hutu. To, rufe ido. Yawancin manyan da nake gwadawa a ɗakin gashi ba sa daɗewa suke laluben bango suna dariya. Ɗan Adam ba turmi ba ne da za a girke shi ya zauna. Ko gwanar rawar da ake gani kamar an dasa ta lilo take yi, sai dai nata lilon ƙanƙane ne, tana kamo karkatar tun kafin idon mai kallo ya gan ta. Saurin kamo karkata shi ake horarwa.

Masu kai wa ƙwaƙwalwa rahoton inda jiki yake su uku ne. Akwai ido. Akwai can cikin kunne, bayan inda ake jin sauti, wasu 'yan bututu guda uku masu lanƙwasa cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu. Su ke sanar da juyawar kai da karkatarsa. Na ukun shi ne wanda mutane ba su san suna da shi ba: ƙananan jijiyoyin ji da ke cikin fatar tafin ƙafa, da tsoka, da igiyoyin da ke ɗaure gaɓoɓi. Su ne suke sa ki zura ƙafa cikin silifas ba tare da kin duba ba, ki kai loma baki ko an ɗauke wuta. Ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke wajen ƙeya ita ke haɗa rahotannin ukun, ta aika wa tsoka umarni kafin ke kanki ki ankara. In karkatar kaɗan ce, idon sawu shi kaɗai ke gyarawa. In ta fi haka, ƙugu ya shigo, shi ya sa kike ganin mutum yana lanƙwasa tsakiyar jiki yana wurgi da hannuwa. In ta gagara, sai a sauke ƙafa ko a yi tsalle.

Ita bale kamar da gangan aka tsara ta don ta wahalar da wannan aiki. Nauyin jiki yana taruwa ne cikin ƙugu, ƙasa da cibiya kaɗan, kuma muddin wurin nan yana saitin filin da ƙafafu suka mamaye, mutum ba zai faɗi ba. Mai bale kullum rage filin take yi: daga ƙafa biyu zuwa ɗaya, daga tafin ƙafa zuwa ɗage a kan tudun yatsu, daga nan zuwa bakin takalmi wanda bai fi kwalin ashana faɗi ba. A haka kuma ake so ta miƙa ɗaya ƙafar baya, ta motsa hannu, ta juya kai, ta yi murmushi.

Abu biyu a cikin saƙonki suka fi ɗaukar hankalina, madubi da gurɗewa.

Ɗakin koyon bale madubi ne daga wannan bango zuwa wancan, kuma yana da amfani, don da shi ɗaliba ke ganin ko kafaɗarta ta karkace. Illarsa ita ce ƙwaƙwalwa 'yar son banza ce. In ido yana kawo mata rahoto mai sauƙi, sai ta rage sauraron ƙafa. A 2002 wasu masana a Faransa sun gwada 'yan judo da masu rawar bale da kuma mutanen da ba sa ko ɗaya. Ido a buɗe, 'yan judo da masu bale duk sun fi sauran mutane tsayuwa. Da aka rufe ido, 'yan judo ne kawai suka riƙe fifikonsu, na masu bale ya zube. Ɗan judo ai jin motsin abokin karawarsa yake yi da jikinsa, kamar ɗan kokawarmu, ba shi da lokacin kallon kansa. Kuma ranar wasa babu madubi a kan dandamali: fitila ce ke dallare ido, gabanta duhu. Saboda haka umarnin farko shi ne ta juya wa madubin falon nan baya. Ta duba sau ɗaya ta gyara tsayuwa, sauran aikin ta fuskanci bango.

Gurɗewar ita ce babbar magana, kuma ina zargin ita ce rabin tangal-tangal ɗin. Ƙashin da ƙwauri ke zaune a kansa a idon sawu ya fi faɗi ta gaba, ya tsuke ta baya. In tafin ƙafa yana ƙasa, faffaɗan ɓangaren ne ke cikin gurbin, ya zauna dam. Da an yi ɗage sai tsukakken ɓangaren ya shigo gurbin, a samu sarari, ƙashi ya daina taimako, a bar igiyoyi da tsoka da riƙon gaɓar. Shi ya sa targaɗen idon sawu, irin wanda ƙafa ke lanƙwashewa ciki a taka gefenta na waje, ya fi kowane rauni na farat ɗaya yawa a tsakanin masu rawa. In igiyar waje ta ja ko ta ɗan yage, har da jijiyoyin jin da ke cikinta ake taɓawa. Kumburi zai saɓe, zafi zai tafi, yarinya ta koma guje-guje, kowa ya ce ta warke, alhali rahoton da ke tashi daga gaɓar yana isa a makare. Gurɗewa ta biyu daga nan take fitowa.

Ni ma sai da na yi kuskure na koyi wannan. Ina sabuwar fara aiki aka kawo mini wani matashi ɗan ƙwallo daga wajen Ƙofar Marusa, idon sawu ya kumbura suntum. Na yi masa gashi, na ɗaure, kumburi ya sauka, ya taka babu ɗingishi, na sallame shi ina jin na yi aiki. Bai rufa wata ba sai ga shi an riƙo shi, ƙafar dai, kuma ba ma a fili ba, wani ɗan tsakuwa ya taka a ƙofar gida. Babbar da nake aiki a ƙarƙashinta ta dube ni ta ce, “Kin sa shi ya rufe ido kafin ki sallame shi?” Na yi shiru. Bayan ya sake warkewa muka gwada: lafiyayyar ƙafar ta kai shi rabin minti ido a rufe, mai ciwon kuwa kafin in ƙirga biyar ya dafa gado. Tun daga ranar ban ƙara sallamar mai targaɗe ba sai na ga ƙafafun biyu sun yi kunnen doki.

Don haka ranar farko gwaji za ku yi. Ƙafa babu takalmi, hannuwa a ƙugu, ki riƙe agogon waya. Ta tsaya da hagu ido buɗe, sannan dama, sannan ta maimaita ido rufe. Ki rubuta daƙiƙoƙin a takarda, ki ɗauki bidiyo daga gaba yadda gwiwa da ƙafa za su fito. In dama ta gaza hagu sosai, kin gano inda aikin yake.

Daga nan sai tafin ƙafa. Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ne a cikinta, amma a kan wurare uku take zama, kamar tukunya a kan duwatsun murhu: diddige, da gindin babban yatsa, da gindin ƙaramin yatsa. Cire dutse ɗaya ki ga abin da zai sami tukunyar. Ta tsaya ta nemo duwatsun nan uku, ta ji kowanne ya taɓa ƙasa, sannan ta ɗan jawo gindin babban yatsa zuwa wajen diddige har kwarmin tafin ya ɗago, ba tare da ta dunƙule yatsun ba. Yara suna son yin ha'inci a nan, su ƙanƙame yatsu kamar kaza a kan katanga. Ki lura, in faratan sun yi fari ko yatsun sun lanƙwashe, ta saki ta sake. Motsin ƙarami ne ƙwarai, har za ki ce ba ta yin komai. Riƙo na daƙiƙa biyar, sau goma, da farko a zaune, daga baya a tsaye.

Sai ɗage, wanda masu bale suke kira relebe. Ta dafa bango da yatsa biyu, dafawa ba rataya ba, ta ɗaga diddige a hankali har ƙarshe, ta sauke a hankali, gwiwa a miƙe. Nauyin ya sauka tsakanin babban yatsa da mai bi masa. In ya zame wajen ƙaramin yatsa, ƙafar ta yi siffar lauje, wannan ita ce ainihin hanyar targaɗe, kuma ita nake so ki sa wa ido fiye da komai. Dabarar da nake amfani da ita: a maƙala ƙwallon tenis, ko lemun zaƙi in babu, tsakanin idon sawun biyu ta bayan ƙashi, ta hau ta sauka kada ya faɗi. In ta iya 20 da ƙafa biyu sumul, ta koma ƙafa ɗaya. Masu kula da lafiyar 'yan rawa a kamfanin bale na ƙasar Ostireliya sun lura cewa waɗanda ba sa iya ɗage sau 25 da ƙafa ɗaya sun fi kukan ciwon idon sawu, sai suka sa wannan atisaye cikin darasin kullum. Waɗancan manya ne ƙwararru. Taki ɗiyar in ta fara da takwas masu kyau na gode, ta riƙa ƙara ɗaya ko biyu duk bayan 'yan kwanaki. Takwas masu tsabta sun fi mini 20 na lauje.

Tsokar da ke gefen ƙwauri ta waje ita ce mai gadin da ke fizgo ƙafa in za ta gurɗe. Ki aika wurin mai faci a karɓo tsohon tiyub ɗin keke, a yanka shi dogo. Ta zauna ta miƙe ƙafa, a zarga robar a gaban ƙafar, ke ki riƙe ɗaya bakin ta ɓangaren ciki, ita ta tura ƙafar waje ta dawo da ita sannu. Sau 15, zagaye biyu, ta yi da ƙafar a miƙe kamar mai nuni da yatsu, tunda a haka raunin ke samunta.

Tsayuwar ƙafa ɗaya kanta matakai ne, kuma ba a hawa na gaba sai na baya ya kai rabin minti babu sauke ƙafa. Daɓe ido buɗe, daɓe ido rufe, sannan darduma da aka ninka huɗu, sannan filo. In akwai tulin yashi a tsakar gida ko a kangon maƙwabta, ya fi duk wani faifan roba da ake sayarwa da tsada. Da ta fara gwanancewa sai a raba mata hankali: ki jefa mata ƙwallo ta cafe, ta juya kai dama da hagu, ta karanto jadawalin sau bakwai da ƙarfi. Karatun yana da wani amfanin, don yara suna ɗauke numfashi in suna neman tsayuwa, jiki ya sandare, sandararren jiki kuwa ba ya iya gyara. Akwai kuma tauraro, wanda mu ma da shi muke gwaji a asibiti: a zana layi huɗu da alli ko gawayi su gitta juna a tsakiya, su ba da rassa takwas. Ta tsaya a tsakiya da ƙafa ɗaya, ta miƙa ɗayar ta taɓa kowane reshe iya nisan da za ta iya, ta dawo ba tare da ta ɗora nauyi a kanta ba. Ki sa alama inda ta kai, bayan mako biyu ku sake dubawa. Yara suna son wannan saboda suna ganin alamar tana matsawa.

In kuma akwai sa'o'inta a gidan, ki bar su su yi 'yar gala-gala da langa a kan ƙasa. Dariya nake yi in na ga ana sayar wa iyaye kayan horon daidaito daga waje, alhali yaran unguwa suna riƙe da ƙafa ɗaya suna ture juna tun kaka da kakanni. Amma ita sai mako na uku ko na huɗu, bayan ƙafar damar ta kamo ta hagun.

Yanzu mu hau sama, domin sau da yawa ƙafa ce ke tangaɗi amma laifin na ƙugu ne. Ki duba bidiyon da kika ɗauka. In ta ɗage hagu sai kwatangwalon hagu ya zube ƙasa, gwiwar dama ta faɗa ciki, to tsokar gefen ɗuwawu ce ba ta da ƙarfi. Ta kwanta a gefe, ƙafar sama a miƙe ta ɗan ja ta baya, ta ɗaga ta sauke sau 12. Ta kwanta rigingine, gwiwoyi a lanƙwashe, ta ɗaga ƙugu sama ta riƙe. Sannan ta tsaya da ƙafa ɗaya ta ɗan durƙusa kaɗan ta miƙe, filiye ke nan a bakin masu bale, ƙoƙon gwiwa yana kallon yatsa na biyu. Ƙugun nan ki ce mata ƙwarya ce cike da nono, kada ta zubar ta gaba, kada ta zubar ta baya. Yaran bale sun fi zubarwa ta gaba, su turo ciki, su gantsare. In ba ta gane ba, ku fita da ita kasuwa ta kalli masu fura da nono. Ƙwarya biyu uku a kan gammo, ga goyo a baya, mace tana tafiya tana ciniki tana waiwaye. Ki ce ta kalli wuyan matar yadda ya miƙe ba tare da ya ƙage ba, da yadda ƙugu ke shanye kowane taku kafin ya iso kai. Abin da malamarta ke nufi ke nan in ta ce ta ja jikinta sama. Ƙaramin littafi ko kwanon roba a ka, a yi tafiya daga ƙofar falo zuwa kicin, wasa ne mai kyau.

Akwai wani abu na bale kaɗai da ke ɓata wa yara tsayuwa, wato buɗe ƙafafu waje har diddige ya haɗu da diddige, yatsu su kalli gabas da yamma. Tun zamanin Sarkin Faransa Luwis na 14, wanda ya kafa makarantar rawa ta fada a 1661, ake gina wannan rawa a kan tsayuwar ƙafa iri biyar, dukkansu a buɗe. Buɗewar daga mahaɗar cinya da ƙugu ya kamata ta taso, kuma kowa da iyakar da ƙashinsa ya ba shi. Kaɗan ne ake haifa da mai kai digiri 180. Yarinya mai son ta burge sai ta murɗe tafin ƙafa da ƙarfi ta manna shi a ƙasa, gwiwa na kallon gaba, ƙafa na kallon gefe. Nan take dutsen ƙaramin yatsa ya tashi, kwarmin tafi ya rufta, murhu ya koma dutse biyu. Ki sa ta haɗe ƙafafu, ta ɗaga yatsu ta tsaya a kan diddige, ta buɗe daga cinya, ta sauke. Inda suka sauka nan ne nata na gaskiya, ko da bai yi kyan na hoto ba. Duk atisayen da na lissafa ta fara yin su ƙafa a miƙe gaba, sai sun zauna ta maimaita a buɗe.

Jiri kuma ba ciwo ba ne a nan. Kin tuna hajijiya da muke yi muna yara, mu yi ta juyi har mu zube? Ruwan cikin bututun kunne ne ke ci gaba da zagaye bayan jiki ya tsaya, kunne ya ce ana juyi, ido ya ce an tsaya, ƙwaƙwalwa ta rikice. Masu bale suna da dabara: su kafe ido a wuri ɗaya, jiki ya fara juyawa kai yana nan, sai a ƙarshe kan ya fizgo da sauri ya riga jiki komawa wurin. Da wannan ne Pierina Legnani, 'yar Italiya, ta yi juyi 32 a jere a kan ƙafa ɗaya cikin wasan Swan Lake a Rasha a 1895, abin da har yau ake auna gwanaye da shi. Ga kuma sabo na shekaru. A 2013 masana a Kwalejin Imperial da ke Landan sun ɗora mata 29 masu bale da mata 20 masu tseren kwale-kwale a kujera mai juyawa cikin ɗaki mai duhu. Masu balen sun riga sauran daina jin juyin, kuma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna wani yanki na ƙaramar ƙwaƙwalwar ƙeya mai karɓar saƙon kunne ya fi ƙanƙanta a wurinsu. Ma'ana ƙwaƙwalwarsu ta koyi rage sauraron kunne in ana juyi. Shekara biyu na Asabar-Asabar ba za su ba da wannan ba, don haka jirinta daidai yake da matsayinta.

Ki manna ɗan jan tef a bango saitin idonta. Ta kafe shi da ido, ta taka a hankali tana zagayawa a wuri ɗaya da ƙafa biyu, kai ya tsaya har sai ya gagara, sannan ya fizgo. Huɗu ta dama, hutu, huɗu ta hagu. Juyi a kan ƙafa ɗaya kuwa ta fara da kwata, ta tsaya cak ta ƙirga uku. In kwata ya zauna, rabi. In rabi ya zauna, cikakke. Wadda ba ta iya riƙe ɗage da ƙafa ɗaya na 'yan daƙiƙoƙi ba ta da abin da za ta juya a kansa. Kuma don Allah a fitar da teburin gilashi daga falon.

Falon ma kansa ina da magana a kai. Tayil da safa gayyatar karaya ce, ta yi ƙafa babu komai. Ɗakunan bale na gaske katako ne mai ɗan lotsawa wanda ke shanye dira, siminti kuwa mayar wa gaɓa yake da duk abin da ta ba shi. Tsayuwa da ɗage ba komai a kan daɓe, amma tsalle-tsalle a bar shi sai a kan ƙasa ko shimfiɗa mai kauri da ba ta zamewa. Na san za ta ce miki ai Anthony Madu, yaron nan na Legas da bidiyonsa ya zagaya duniya a 2020, a kan siminti cikin ruwan sama ya yi nasa, kuma shi ma shekararsa 11 a lokacin. Gaskiya ne, kuma ya burge kowa. Rashin wuri ne ya sa, ba a nan ake so yaro ya yi shekaru yana dira ba.

Minti 20, sau huɗu a mako, ya wadatar. Da safe bayan ta karya, ko da yamma in rana ta yi sanyi, ta ɗan yi tafiya ko igiya na minti biyar tukuna jiki ya yi ɗumi. Da kin ga aikin ya fara lalacewa, ƙafa na lauje, gwiwa na faɗawa, a tsaya. Gajiyayyar tsoka a makare take amsawa, kuma abin da aka maimaita shi jiki ke haddacewa, mai kyau ne ko maras kyau. Ta sha ruwa sosai, wanda ya saba da Legas ba ya gane yadda iskar nan ke busar da mutum.

Ki kuma auna tsawonta a jikin ƙofa yau, ki sake aunawa ranar tafiya. Shekara 11 zuwa 13 lokacin miƙewar 'yan mata ne, ƙashi yana riga tsoka tsawo, ƙafafu su yi zaƙo-zaƙo, ƙwaƙwalwa tana aiki da tsohon awo. Yarinyar da bara take tsayawa daram bana sai ta koma kamar ɗan maraƙi sabon haihuwa. Yana wucewa. Ki gaya mata haka, don a wannan shekarun ne da yawa suke zaton sun lalace su daina, wasu kuma su fara ƙin abinci wai nauyi ne ya yi musu yawa. In kin ga tana ture tuwo, kada ki yi shiru.

Inda za ku bar gida ku zo asibiti: in idon sawun yana kumbura bayan atisaye, ko akwai wurin da in an danna ƙashi take zabura, ko ta sake gurɗewa har ta kasa taku huɗu, wannan sai hoto kafin a kai wa mai ɗori. In jiri yana zuwa ba tare da juyi ba, ko da ƙarar kunne, ko jinta ya ragu, musamman in an taɓa yi mata allurar jentamaisin, wadda kan taɓa sashen daidaito na kunne. In tana ganin duhu-duhu da ta miƙe tsaye, a duba jininta. In tana da sikila kuma ta ce ƙugu ko matsematsi na ciwo, a dakatar da komai sai likita ya gani. A gwada idonta ma, yaro mai buƙatar tabarau ba ya iya kafe jan tef ɗin da ba ya gani sosai.

To, takalmi. Bakinsa yadi ne da takarda da gam aka danne har suka yi tauri, ba ya tsayar da kowa. Ƙafa ce ke tsayuwa, shi rufi ne kawai. Shawarar da ƙungiyar likitoci da masana kimiyyar rawa ta duniya ta fitar a 2009 ita ce kada a fara kafin shekara 12, sai a shekara ta huɗu ta horo, kuma ga wadda ke zuwa darasi aƙalla sau biyu a mako. Ɗiyarki ba ta cika ko ɗaya daga cikin ukun ba, ga targaɗe biyu a kai, ga ƙasusuwan ƙafa da ba su gama ƙosawa ba. Ko shekarun sun cika akwai gwaji: ta tsaya da ƙafa ɗaya, ta kwantar da ƙirji gaba, ɗayar ƙafar a miƙe baya kamar jirgin sama, ta durƙusa ta miƙe sau biyar, huɗu su fito babu faɗawar gwiwa, ta yi tsalle 16 da ƙafa ɗaya, aƙalla takwas su sauka da tsabta, ta yi cikakken juyi guda ta tsaya ba tangaɗi. Takalmin kuma ba a sayensa ta waya a aiko a mota kamar atamfa, a ƙafa ake gwada shi gaban wanda ya san aikin.

In kina son ki faranta mata, saya mata mai laushin na yadi daidai ƙafarta. Ranar da za ta koma ku sake gwajin ranar farko, ki ɗauki bidiyo daga wuri ɗaya, ki tura wa babanta duka biyun tare da takardar daƙiƙoƙin, ya nuna wa malamarta, ya kuma gaya mata zancen gurɗewar nan biyu in ba ta sani ba.